Minti Ukun Kaka Orval

Ni na sa hannu a takardar. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya kai tsakiyar labari yana tausaya mini.

Ranar Alhamis ce, wajen sha biyun rana. Na dawo daga shagon gyaran taya zan ci abinci, sai motar ɗan sanda ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ɗan sandan abokin farautar Baba ne. Ya fito da takarda, ya ce sammaci ne daga kotun gunduma, na Orval Stidham, kuma doka ta ce a hannunsa za a danƙa.

Orval Stidham kakana ne, mahaifin Baba. A lokacin yana rafin bayan gida yana ɗibar ruwa a kwalabe.

"Tsohon na kwance," in ji Baba. "In aka tashe shi yini zai yi yana faɗa. Kawo a kai masa ciki ya sa hannu."

Ɗan sandan ya dubi agogo, ya miƙa. Baba ya ja ni kicin, ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya ɗora biro.

"Wendell, rubuta sunansa. Kai ka iya hannunsa."

"Ta mece ce?"

"Don a riƙa duba lafiyarsa. Yi sauri, mutum na jira."

Na daɗe ina cewa ban karanta ba. Ƙarya ce. Na ga kalmar riƙo a sama, na kau da kai. Kaka ne ya koya mini rubutu a kan wannan teburin, har wutsiyar da yake ja wa harafin farko na sunansa na iya. Na rubuta. Takardar kwafi biyu ce, Baba ya mayar wa ɗan sanda da guda, ya ninke ɗayar ya sa a aljihu, suka tsaya suna hirar bindiga.

A garinmu majalisa na zama Talatar farko ta kowane wata, ƙarfe shida na yamma. Duk wanda ya rubuta sunansa a takardar bakin ƙofa ana ba shi minti uku a gaban makirufo. Ka faɗi sunanka da adireshinka, sannan ka faɗi abin da ke ranka. Shekara ashirin da shida Kaka bai taɓa fashi ba. Bai yarda da agogon magajin gari ba, shi ya sa yake zuwa da nasa: agogon dafa ƙwai na marigayiya kakata, mai siffar kaza, wanda ake murɗawa ya yi ta ƙas-ƙas har ƙararrawa ta buga.

Shekara biyun ƙarshe maganarsa ɗaya ce. Kamfanin fasa dutse na sako taɓo a rafi, ruwa ya koma ruwan toka, kifi ya ƙare. Baba kuwa shi ne shugaban ma'aikata a kamfanin. A watan Satumba Kaka ya dire kwalba a gaban magajin gari ya ce, "Ka ce lafiya lau yake. To ga shi, kurɓa." Jaridar gunduma ta buga hoton. Washegari manaja ya kira Baba ofis. Ban san me aka ce masa ba. Na dai ji yadda ya rufe ƙofar mota da ya dawo.

Mako biyu bayan sa hannuna aka yi zaman kotu. Minti goma sha ɗaya, in ji Mama. Kaka yana gida yana gyaran keken yankan ciyawa, bai san ana yi ba.

Da yamma muna cin wake da gurasar masara Baba ya ajiye cokali.

"Tsoho, ba ni makullin mota."

"Taka ta mutu ne? Na gaya maka injin nan ba zai kai hunturu ba."

"Kotu ta ba ni riƙonka. Likita ya ce ka fara ruɗewa."

Kaka ya yi dariya har ya ƙware. "Yaron nan da ya tambaye ni ranar wata? Cewa na yi, kai ba ka da kalanda ne?"

"Ya rubuta ba ka sani ba."

Dariyar ta tsaya. Kaka ya dubi Mama, Mama ta dubi kwano.

"Garland, wa ya ji ta bakina?" Kaka ya tambayi Baba.

"An aiko maka. Ka karɓa, ka sa hannu, ka ƙi zuwa. Ka ga abin da muke faɗa? Har ka manta."

Ya zaro takardar daga aljihu ya tura masa. Kaka ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallon ƙasan takardar. Sannan ya ɗago, ba Baba ya duba ba.

"Hannu mai kyau," ya ce. "Wanda ya koya masa ya iya koyarwa."

Ya cire makullin daga ɗamara ya ajiye kusa da gishiri. Ban cinye abincina ba. Ban kuma ce komai ba. Dama tun ina ƙarami sarkin shiru yake kirana.

Bayan mota sai waya. Mama ta ce masu damfara na kiran tsofaffi, gara ta ajiye masa. Bayan waya sai baƙi.

Kowace Litinin Kaka da tsofaffi huɗu na haɗuwa shan kofi a gidan abinci na bakin gada. Shugabarsu Malama Opal Hensley, wadda ta koyar da rabin garin lissafi, har da Baba. Da Litinin biyu suka wuce ba su gan shi ba, sai ta zo da kanta, da kek ɗin tuffa a hannu. Mama ta tare ƙofa.

"Yana hutawa, Malama. Likita ya ce baƙi na tayar masa da hankali."

"Lorene, ga shi can a taga yana ɗago mini hannu."

"Kin gani? Har ya fara tashi."

"Shekara arba'in muna shan kofi tare. Yaushe na zama baƙuwa?"

"Ni dai abin da takarda ta ce nake bi. Garland ke da ikon wanda zai gan shi."

Ta karɓi kek ɗin ta rufe ƙofa. Mu muka cinye. Kaka bai taɓa ba.

Talatar farko ta Nuwamba ya yi aski, ya ɗaura laktaye, ya sa agogon nan mai siffar kaza a aljihun kwat, ya fita ta ƙofar baya. Mil uku ne zuwa majalisa. Ya ci biyu kafin ɗan sandan nan ya tsinto shi a gefen titi, don Baba ya buga waya ya ce tsohonsa ya ɓata. Aka rubuta a takarda cewa yana fita yawo bai san inda za shi ba. Da wannan takardar likita ya ƙara masa ƙwayoyi, Baba kuma ya sa sakata a ƙofar ɗakinsa ta waje.

Ina riƙe masa da sukudireba lokacin da yake ɗaurawa.

"Kada ka kalle ni haka," ya ce. "In mota ta buge shi wa za a zaga? Ni. Kana tsammani daɗi nake ji? Ubana ne. Amma in aka kore ni daga aiki, kwalaben rafinsa za mu ci?"

Fasto ma ya zo sau ɗaya, ya zauna a falo ya sha shayi mai ƙanƙara, ya ce Ubangiji na ganin nauyin da iyalin nan suka ɗauka. Bai nemi a buɗe ɗakin ba.

Ni nake kai wa Kaka abincin rana. Wata rana na tarar ya juya kujera ta fuskanci taga, ya ɗora kaza a kan dakalin tagar.

"Sarkin shiru, zauna. Yau kai ne majalisa. Ai ka dace, su ma ba sa cewa komai."

Na zauna a bakin gado. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya murɗa kaza.

"Orval Stidham, gida na sha huɗu, Titin Rafi."

Ya yi maganar taɓo, da kifi, da yaran da ke wanka a ƙasan gada. Ƙwayoyin sun sa harshensa nauyi, amma bai ɓata kalma ɗaya ba. Ƙararrawa na bugawa ya yi shiru a tsakiyar magana, kamar yadda ya saba.

"Majalisa na da abin cewa?"

Na dubi takalmina.

"Ko ƙasa da minti uku ma ya isa, Wendell. Ba dogon zance ba ne."

Na ɗauki farantin jiya na fita. Na ja sakata da hannuna.

Kullum sai ya yi minti ukunsa. Tun yana tsayawa har ya koma yi a zaune. Wata rana ya faɗi suna da adireshi, sai ya tsaya yana neman abin da ke biye, kaza na ta ƙas-ƙas. Mama na jin haka daga kicin ta ce, "Kun ji ko? Wai mu ne masu sharri." Ba ta ce wata biyu ke nan rabonsa da magana da kowa ban da taga ba. Kafin Kirsimeti ta ɗauke kazar. Ta ce ƙarar na sa mata ciwon kai, kuma dama ta kicin ce.

A watan Janairu Malama Opal ta same ni a shago ina cire taya. Tare take da wata lauya daga ofishin da ke tsaya wa marasa ƙarfi, 'yar gajeruwa mai jakar goyo.

"Mun shigar da ƙara a soke riƙon," in ji lauyar. "Ba a karɓe wa mutum ikon kansa sai an sanar da shi, an ji ta bakinsa. Amma takarda ta nuna ya karɓi sammaci ya sa hannu. Tambaya ɗaya gare ni. Ka ga lokacin da aka ba shi?"

"Ina wurin aiki."

"Ranar Alhamis da sha biyu?" in ji Malama Opal. "Kai da cikinka ba ya haƙuri?"

"Ban sani ba, Malama."

Ta daɗe tana kallona. "A aji ma haka kake cewa, alhali amsar na rubuce a littafinka."

Lauyar ta bar mini katinta, ta ce zaman ranar sha biyu ga Fabrairu ne.

Baba ya ga katin a aljihun wandona wurin wanki. Bai ɗaga murya ba. Ya kira ni gareji ya rufe ƙofa.

"Ka san sunan abin da ka yi? Jabun sa hannu a takardar kotu. Ni zan ce ban sani ba, na ba ka ne ka kai masa. Shekararka sha tara, ba yaro ba ne kai a wurin alƙali. Ka buɗe baki, kai ka tafi kurkuku, ni in rasa aiki, uwarka ta kwana a mota. Shi kuma me zai samu? Minti uku ya je ya yi ihu kan kifi?"

Ranar sha biyu ga Fabrairu na tafi shago tun bakwai. Na canza taya goma sha shida. Baba ya kai takardar likita cewa fita za ta cutar da tsohon, aka zauna ba shi, karo na biyu. Aka kori ƙarar.

Da na kai masa abinci washegari bai juyo ba.

"An yi ko?"

"An yi."

"Ka je?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai. "Ajiye a nan."

Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa da kalmomi cikakku.

Ranar uku ga Maris da safe na zare sakata na same shi a ƙasa tsakanin gado da taga, da laktaye a wuya. Talata ce, ta farkon wata. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Likitan asibiti ya tambayi tun yaushe ya faɗi. Babu wanda ya sani. Ya ce da an kawo shi da wuri da an ceci maganarsa. Mama ta yi ta kuka a baranda tana cewa ita dama ta san za a rina, tsohon ba ya jin magana.

Daga asibiti aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Na je ranar Lahadi. Ya ga na shigo, ya buɗe baki, abin da ya fito bai wuce gurnani ba. Ya sake gwadawa. Sai ya ɗaga hannun hagu ya murɗa iska da yatsu biyu.

Na koma gida na ɗauki kazar a saman murhu. Daga nan ban tsaya ba sai ofishin lauya, na tarar da shi a rufe don Lahadi ce, na dawo Litinin da safe na shiga. Abin da na faɗa mata bai kai minti ɗaya ba. Kaka ya yi gaskiya, ba dogon zance ba ne.

Aka sa zama a watan Yuni. Wannan karon an kawo shi, a keken guragu, Malama Opal ta ɗaura masa laktaye. Na rantse, na faɗa. Lauyar ta ba ni takarda da biro, na rubuta sunansa a gaban kowa, da wutsiyar da komai. Mai shari'a ta haɗa da ta sammacin ta duba. Ba ta daɗe ba.

Ta ce tunda ba a taɓa sanar da shi ba, riƙon bai taɓa zama riƙo ba, ta soke shi tun daga tushe. Ta ce maganata da ta Baba da ta ɗan sandan za ta tura wa mai gabatar da ƙara. Sannan ta cire tabarau ta juya wurin Kaka.

"Mista Stidham, kotu ta yi wata takwas ba ta ji ta bakinka ba. Yanzu tana saurare. Akwai abin da kake son faɗa?"

Leɓensa ya yi rawa. Miyau ya zubo kan laktayen. Mai shari'a ta jira. Ta jira fiye da yadda na taɓa ganin wani babba ya jira kowa. Daga baya ta ce a rubuta cewa an ba shi dama.

A bakin matakala Baba ya tare ni.

"Ka ji daɗi? Ga shi an ba shi bakinsa, ya yi magana mana."

A ranar na kwashe kayana, yanzu a ɗakin bayan shago nake kwana. Shari'ata na nan tafe a watan Oktoba.

Talatar farko ta Yuli na je na ɗauko shi. Babu wanda ke da ikon hana ni, don shi ya gyaɗa kai da aka tambaye shi. A bakin ƙofar majalisa takardar sunaye na kan tebur, da biro ɗaure da zare. Akawun majalisa ta dubi hannunsa da ke kwance a cinya, ta dube ni.

"Rubuta masa mana, ɗan samari. Ba komai."

"A'a. Shi zai rubuta."

Na ɗora takardar a kan gwiwarsa na danne gefe. Ya kama biro da hagu. Layi ya taru a bayanmu, wani ya yi tsaki, Malama Opal ta juya ta kalle shi ya haɗiye sauran. Harafin farko ya fita daga layi, na biyu ya hau kansa. Babu wutsiya. Wanda bai san shi ba ba zai iya karantawa ba. Kusan minti biyar ya ɗauka.

Da aka kira sunansa na tura keken gaban makirufo, na sauko da shi daidai bakinsa. Na ɗora kwalbar da na ɗebo da rana a kan tebur. Ruwan na nan yadda yake. Na sa masa kaza a cinya, ya murɗa da kansa.

Ya ja numfashi. Na san abin da yake nema: suna, gida na sha huɗu, Titin Rafi. Makirufo ya ɗauki gurnanin ya watsa wa ɗakin. Ya sake. Sannan ya daina, ya kafe magajin gari da ido.

Magajin gari ya gyara zama. "To, in Mista Stidham ba shi da lafiyar magana, ko mu wuce ga na gaba?"

"Ƙa'ida ta ce minti uku," in ji Malama Opal daga kujerarta. "Zauna ka ji, Curtis. Da ka iya lissafi da ka san saura biyu da rabi."

Ba wanda ya yi dariya. Mutum sun kai arba'in a ɗakin, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas. Wata mata ta sunkuyar da kai. Manajan kamfani na layin gaba yana kallon rufi. Ban taɓa sanin minti uku na da tsawo haka ba.

A makaranta an sa mun haddace cewa a ƙasar nan ba a toshe bakin kowa, ba a hana mutum zama da wanda yake so, ba a yanke masa hukunci sai an ji ta bakinsa. Na ci jarrabawar. Malamin ya koya mana mu ji tsoron gwamnati, bai ce mana komai game da teburin kicin ba. Ba soja aka turo wa Kaka ba. Ɗansa ne ya kawo biro, surukarsa ta tare ƙofa, jikansa ya rubuta suna, kuma kowannenmu na da dalilin da zai iya faɗa a coci ba kunya. Kotu ta mayar masa da haƙƙinsa duka, a rubuce, da hatimi. Takardar na aljihun bayan kekensa.

Ƙararrawa ta buga.

Magajin gari ya gyara murya, ya faɗi abin da ya shekara ashirin da shida yana faɗa masa.

"Lokacinka ya cika, Mista Stidham."

Kaka ya gyaɗa kai. Bai taɓa wuce lokacinsa ba.